"Carry": kalmar Turancin da muke fassarawa da "ɗauka", da wuraren da fassarar ke yasar da mu

Hajara: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hajara ce ke magana, tare da Malam Garba, wanda ya shafe shekaru yana koyar da Turanci a makarantun sakandare, da kuma ƙanenmu Nasiru. Malam, barka da hantsi.

Malam Garba: Barkanmu dai Hajara. Nasiru, ya karatu?

Nasiru: Alhamdu lillahi, Malam. Karatun ne ma ya kawo maganar yau.

Hajara: To ka faɗa wa jama'a abin da ya faru, tunda kai ka matsa a yi wannan kalma.

Nasiru: Rubutu aka ba mu a kan wata tafiya da muka taɓa yi. Sai na rubuta cewa kawuna ne ya kai ni Zariya, na ce "my uncle carried me to Zaria". Da takardar ta dawo sai na ga an ja jan layi a ƙarƙashin "carried", an rubuta "took" a samansa. Abin ya tsaya mini a rai, Anti. Tun ina firamare aka koya mini "carry" ita ce ɗauka. Kawu kuwa ɗaukata ya yi a motarsa. Ina kuskuren yake?

Malam Garba: A Hausarka babu kuskure ko ɗaya. Muna cewa direba ya ɗauki fasinja, mai a-daidaita ya ɗauke ni daga Kofar Nasarawa. Amma in Baturen Ingila ya karanta jimlar nan taka, hoton da zai zo masa shi ne kawunka ya cicciɓe ka, ya saɓa ka a kafaɗa, ya kama hanyar Zariya a ƙafa. A wurinsa, in mutum ne ya "carry" mutum, to nauyinsa yana jikinsa. Jariri, ko marar lafiya, ko wanda ya suma.

Nasiru: Amma Malam, ai ana cewa mota ta "carry" mutane.

Malam Garba: Mota kam tana yi. Bas tana "carry" fasinja, jirgi yana "carry" alhazai, tirela tana "carry" siminti, domin nauyin a kansu yake. Shi direban kuwa "take" ya yi maka, ko "drive". Wannan ɗan bambancin ne malaminka ya ja wa layi.

Hajara: Malam, ni dai ina so in kare Nasiru kaɗan. Abin da ya rubuta, haka miliyoyin mutane ke faɗa a ƙasar nan. Kuma a kudancin Amurka ma akwai tsofaffin da har yau suke cewa sun "carry" wance zuwa coci ko kasuwa, suna nufin sun kai ta.

Malam Garba: Gaskiya ne, akwai wannan a karin harshen kudancin Amurka. Ban ce ya yi abin kunya ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, ka san inda kake tsaye. In kana tasha kana magana da kwandasta, faɗi yadda zai gane ka. In kana gaban takardar WAEC, ko kana rubuta wasiƙar neman aiki, ka san mai dubawa da ma'aunin Ingila yake aunawa. Abin da ba na so shi ne yaro ya rasa maki alhali ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa dalili. Jan layi kawai ba koyarwa ba ne.

Hajara: To mu koma tushe. Ita kalmar daga ina ta fito?

Malam Garba: Ba asalin Turanci ba ce, baƙuwa ce. Turawan Ingila na farko kalmarsu ita ce "beran", wadda ta zama "bear" a yau. A shekarar 1066 Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransancinsu ya zama harshen fada da kotu. A cikin kalmomin da suka shigo da su akwai "carier", ma'anarta jigilar kaya a keken doki ko na shanu. A ƙarni na 14 aka fara ganinta a rubutun Turanci. Ita kuma daga Latin ta fito, daga "carrus", wato amalanke. Rumawa su ma aro suka yi daga mutanen Gol, waɗanda ke zaune a ƙasar da ta zama Faransa, domin sun shahara da ƙera kekunan doki.

Nasiru: Ke nan asalinta ma a kan abin hawa take?

Malam Garba: A kan abin hawa take. Daga baya ne ta sauko ta koma hannu da kafaɗa. Saboda haka jimlarka ta fi kusa da ma'anar farko fiye da yadda mai jan biro ya sani. Kuma ka duba danginta. "Car", mota. "Cargo", kayan da jirgi ke ɗauka. "Carriage". Har da "charge".

Hajara: Caji? Cajin waya?

Malam Garba: Shi fa. Asalin "charge" shi ne loda wa amalanke kaya. Daga nan aka ce an loda wa bindiga harsashi, an ɗora wa mutum laifi, an ɗora masa kuɗin da zai biya, an loda wa batir wuta. Da muka ara muka ce caji ofis, muka ce wayata ba caji, muka ce nawa ya caje ka, duk lodi ne muke magana a kai ba mu sani ba.

Hajara: Wallahi ban taɓa haɗa su ba. Kuma akwai kariyar keke, inda ake ɗaure kaya a baya.

Malam Garba: Wannan "carrier" ce kai tsaye. Kuma a nan ina jan kunnen ɗalibai, kada su haɗa ta da "career", wato sana'ar da mutum ya bi tsawon rayuwarsa. Dangi ne, ita "career" daga hanyar da keken doki ke bi ta fito, amma furucinsu daban, rubutunsu daban. Na sha ganin an rubuta "carrier civil servant". A "carrier" nauyin murya a farko yake, a "career" a ƙarshe.

Nasiru: Malam, ni abin da ke ba ni mamaki, kalma ɗaya ce suke da ita ga abubuwa da yawa. Mu kuwa...

Hajara: Yauwa, nan nake so mu daɗe. Domin aikina ke nan, fassara, kuma a nan nake ganin ana yi wa Hausa rowa. In Bature ya ce mace tana "carry" yaro, bai gaya maka komai ba game da yadda take riƙe da shi. Bahaushe ba zai bar ka cikin duhu haka ba. In a bayanta yake da zane da majanyi, goya shi ta yi. In a ƙirjinta yake, ta rungume shi. In a kafaɗa ne, ta saɓa shi. In yana neman faɗuwa ta sa hannu a ƙasansa, ta tallabe shi. Manomi saɓa fartanya yake yi, ɗan makaranta rataya jaka yake yi, mai talla ɗora faranti take yi a ka. In kayan na da nauyi sai ka ji an ce ya kinkimo buhu, ko sun cicciɓi marar lafiya, ko ya sungumi tulu. In ana kai da komowa ne, jida ake yi, kamar jidar ƙasa ko jidar dawa daga gona. Kowace kalma tana nuna maka gaɓar jikin da nauyin ya sauka a kai.

Malam Garba: Mutanen Sakkwato da na Nijar kuma su ce aza. Aza mini kayan nan a kai.

Hajara: Haka ne. Sannan ga gammo, wanda ban san kalmar Turanci guda ɗaya da ta tsaya a matsayinsa ba, sai dai su yi bayani. Dalilin a fili yake. Mutanen da suka yi ƙarnuka suna fatauci da ayari, daga Kano zuwa Gwanja, da jakuna da kaya a ka, dole harshensu ya rarrabe waɗannan abubuwa. Har gobe ka je Dawanau ko Singa ko Kantin Kwari ka ga 'yan dako, ka ga masu kura da masu baro. Wanda ke cin abinci da wuyansa ya san bambancin ɗorawa da saɓawa.

Nasiru: Amma Anti, a rediyo kullum "ɗauke da" nake ji. Mota ɗauke da mutane, 'yan bindiga ɗauke da makamai, wasiƙa ɗauke da sa hannun wane.

Hajara: Wannan ne ke damuna. Labari yana zuwa da Turanci, lokaci ya ƙure, mai fassara ya ga "carrying" sai ya sa "ɗauke da" ya wuce. Wani wurin ya dace. Amma wasiƙa ba ta ɗaukar sa hannu, wasiƙa ce da wane ya sa wa hannu. Mahara kuma sun zo da bindigogi, ko suna riƙe da su, ko sun rataya su. In jarida ta "carry" labari, buga shi ta yi. In kanti yana "carry" wani kaya, kamar yadda Amurkawa ke faɗa, sayar da shi yake yi. Kakata ba ta taɓa cewa kwano yana ɗauke da tuwo ba. Tuwo yana cikin kwano.

Malam Garba: Ni a nan zan ɗan saɓa miki, Hajara. "Ɗauke da" ta riga ta zauna. Yaran da aka haifa suna jin ta a rediyo, a wurinsu Hausa ce. Harshe yana aro, kamar yadda Turancin kansa ya aro "carry" ɗin daga Faransanci.

Hajara: Ban ƙi aro ba, Malam. Caji aro ne, kuma ina amfani da shi, domin ya cike gurbin da babu kowa. Abin da na ƙi shi ne aron da zai kori 'yan gida. In kalma ɗaya ta maye gurbin goya da saɓa da rataya da kinkima, jikokinmu za su tashi da kalma ɗaya a inda muke da goma. Wannan asara ce.

Malam Garba: Wannan kam na yarda da ke.

Nasiru: Akwai abin da na karanta game da Gana. 'Yan matan da ke dako a kasuwannin Accra da Kumasi, ana ce musu "kayayei".

Malam Garba: Ai kalmarmu ce a ciki. Kaya na Hausa ne, ɗaya ɓangaren kuma daga harshen Ga, ma'anarsa mata. Yawancinsu daga arewacin Gana suke gangarowa, suna ɗaukar kaya a manyan kwanoni a ka a kasuwar Makola da Kejetia. Ka ga yadda fatauci ya kai kalmar har bakin teku. Ita ma "carry" ta bar sawunta a Afirka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta tara dubban ɗaruruwan 'yan Afirka su yi wa sojojinta dako a gabashin Afirka, aka kira rundunar "Carrier Corps". Da yawa sun mutu saboda cuta da yunwa da wahalar tafiya. Yau akwai unguwa a Darussalam ta Tanzaniya mai suna Kariakoo, akwai Kariokor a Nairobi. Sunan wannan runduna ne bakin mutane ya lanƙwasa. Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Kariakoo yana ambaton 'yan dakon nan ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Hajara: Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. To Malam, mu zo kan ƙananan kalmomin da ake liƙa mata, domin su ne ke kayar da ɗalibai.

Malam Garba: Su ne masu wuyar. Da zarar an sa mata "on" ko "out" ko "over", sai ka manta da ɗauka gaba ɗaya. "Carry on" ci gaba ne. In malami ya leƙo aji ya tarar kuna aiki ya ce "carry on", cewa ya yi ku ci gaba da abin da kuke yi. Akwai wata takardar bango da gwamnatin Ingila ta buga a 1939, ana shirin yaƙi da Jamus, aka rubuta "Keep Calm and Carry On", wato ku kwantar da hankali ku ci gaba da harkokinku. An buga fiye da miliyan 2, amma kusan ba a manna ta ba a lokacin. Sai a shekarar 2000 aka tsinci kwafi ɗaya a wani kantin tsofaffin littattafai a garin Alnwick, daga nan ta bazu duniya. Shi ya sa kuke ganin "Keep Calm" a rigunan gwanjo.

Nasiru: Ina da irin rigar, ban san tarihinta ba. Amma a filin jirgi kuma na ji ana cewa "carry-on".

Malam Garba: Wannan jakar hannu ce, wadda kake shiga jirgi da ita, kamar ƙaramar jakar alhazai. Amurkawa suka fi faɗar haka, a Ingila "hand luggage" suka fi cewa. Sai "carry out", wato aiwatarwa. An aiwatar da bincike, an zartar da hukunci, an cika umarni. Babu abin da aka fitar waje. "Carried away" kuma shi ne mutum ya zaƙe, daɗi ko fushi ya ɗebe shi har ya wuce gona da iri.

Hajara: Ka ji Hausar ma ta zo daidai, daɗi ya ɗebe shi. Wani lokaci harsunan biyu suna haɗuwa a hanya ɗaya ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba.

Nasiru: Saura tamu ta jami'a, Malam.

Malam Garba: Faɗe ta da bakinka.

Nasiru: Kari-oba. Babu ɗalibin da ba ya tsoron wannan kalma. Ranar da aka manna sakamako za ka ga mutum ya tsaya a gaban allo ya kasa motsi. Akwai abokina da kwas ɗaya ya riƙe shi shekara guda cur, abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa suka bar shi. Mahaifinsa bai yi boko ba, da ya je gaya masa sai ya rasa yadda zai fassara kalmar. Daga ƙarshe ya ce, Baba, bashin jarrabawa ne ya biyo ni.

Malam Garba: Ai ya fassara ta fiye da ƙamus. Domin daga lissafin kuɗi kalmar ta fito. Ma'aji in ya cika shafi, sai ya kai jimlar zuwa shafi na gaba, ko ya kai ragowar bana zuwa baɗi. Wannan shi ne "carry over" ko "carry forward". Jami'o'inmu suka ɗauke ta suka ba wa kwas ɗin da ka faɗi, wanda zai bi ka zuwa aji na gaba. In ka je Ingila ka ce kana da "carry over", ba lallai su gane ba, su "resit" ko "retake" suke cewa. Kuma tun kuna firamare kun haɗu da ita. In ka haɗa 27 da 15, bakwai da biyar sha biyu, ka rubuta 2, ka "carry" 1 zuwa gidan gomomi. Ɗayan nan bai ɓace ba, gaba ya yi yana jiranka.

Hajara: Akwai wata ma'ana da nake roƙon masu sauraro su buɗe kunne a kanta, domin ta shafi rai. A asibiti in aka ce mutum "carrier" ne. Na ga inda wannan kalma ta jawo kuka a gida, na kuma ga inda rashin fahimtarta ya jawo abin da ya fi kuka.

Malam Garba: Sikila kike nufi.

Hajara: Ita. In gwajin jini ya nuna AS, ma'aikacin lafiya zai ce kai "carrier" ne. In aka fassara da "kana ɗauke da cutar sikila", sai mutum ya ɗauka ciwon ne ya kama shi, hankalinsa ya tashi. Alhali mai AS galibi lafiyarsa ƙalau. Abin da ake nufi shi ne yana da ƙwayar gadon a jininsa, zai iya ba wa 'ya'yansa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai amosanin jini. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Wani kuma da ya ji an ce ai ba ciwo ba ne, sai ya yi watsi da maganar gaba ɗaya, a ɗaura aure. Saboda haka ni in ina fassara wannan, ba na yarda da kalma ɗaya. Ina cewa, ba shi da ciwon, amma yana iya gadar da shi.

Nasiru: Haka yake a ciwon hanta?

Hajara: Kalmar ɗaya ce, amma abin ya bambanta. A ciwon hanta nau'in B, "carrier" yana da ƙwayar cutar a jikinsa, ko da bai ji komai ba, kuma yana iya sa wa wani, musamman uwa ga jariri wajen haihuwa. Shi yana bukatar likita ya riƙa duba shi. Ka ga kalma ɗaya, ɗaya gado, ɗaya yaɗuwa. Duk wanda aka gaya wa wannan kalma a asibiti, ya tsaya ya tambaya wanne ake nufi, kada kunya ta hana shi.

Malam Garba: Madalla da wannan bayani. Tunda an zo kan haihuwa, Bature yana cewa mace tana "carry" ciki, mu ma muna cewa ta ɗauki ciki, Larabawa su ce "hamil" daga kalmarsu ta ɗauka. Tsohuwar kalmar nan "bear" ma daga cikinta "born" ta fito, wato haihuwa. Da "carry" ta shigo ta ƙwace aikin yau da kullum, sai "bear" ta koma ɗaukar abin da ba a gani, haƙuri da ciwo da nauyin zuciya. In Bature ya ce "I can't bear it", ba zan iya jurewa ba yake nufi.

Nasiru: Malam, Turancin Buroka fa? Can kam "carry" ta yi 'ya'ya.

Malam Garba: Ta yi jikoki ma. "Carry go", tafi da shi, hanya a buɗe take. "Carry first", ya zo na ɗaya a aji, kamar yadda mu ma muke cewa ya ɗauki na ɗaya. Mutanen Warri suna alfahari da cewa "Warri no dey carry last", ba a barin su a baya. "Police don carry am", 'yan sanda sun tafi da shi. "Carry your wahala go", kwashe fitinarka ka yi gaba. Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, kuma a cikinsa duk waɗannan daidai ne. Har ma yana yin abin da harsunan kudu ke yi, ya jera aikatau biyu, "carry am come", ɗauko shi ka kawo.

Hajara: Wanda mu da wasali ɗaya muke yin sa. Ɗauka, ɗauko. Kai, kawo. Wannan "o" ɗin na ƙarshe shi ke nuna abin yana tahowa wajen mai magana.

Malam Garba: Ita kuwa "carry" ba ta da alƙibla ko kaɗan, ba ta gaya maka ina aka nufa. In wajenka za a zo da abu, "bring". In nesa da kai za a yi da shi, "take". In za a je a ɗauko a dawo, "fetch", kamar ɗebo ruwa a rijiya. Saboda haka Nasiru, in kana so ƙanenka ya miƙo maka littafi, kada ka ce "carry the book for me", domin roƙonsa ka yi ya riƙe maka shi kuna tafiya. Ka ce "bring".

Hajara: Sai ta 'yan siyasa, "carry everybody along". Duk wanda aka rantsar sai ya faɗe ta.

Malam Garba: Mu kuma mu ce zai tafi da kowa, ko zai dama da kowa. Ta fi yawa a bakin 'yan Nijeriya fiye da ko'ina da na sani, kuma kowa ya gane ta. A taro kuma in aka kaɗa ƙuri'a shugaba ya ce "the motion is carried", an amince da ƙudurin ke nan. A zaɓen Amurka in suka ce ɗan takara ya "carry" jiha, lashe ta ya yi. Kuma in ka ji Ba'amurke ya tambayi wani ko yana "carry", bai faɗi mene ne ba, sau da yawa bindiga yake nufi, domin dokokin jihohinsu suna magana a kan "open carry" da "concealed carry", wato yawo da ita a fili ko a ɓoye.

Nasiru: Abu na ƙarshe Malam, rubutun. Me ya sa "carried" da "i", amma "carrying" da "y"?

Malam Garba: In kalma ta ƙare da baƙi sannan "y", to "y" ɗin tana komawa "i" kafin a ƙara "es" ko "ed". Shi ya sa ake rubuta "carries" da "carried", kamar "marry" da "married". Amma a gaban "ing" tana nan yadda take, don kada "i" biyu su haɗu. Kuma "r" biyu ce kullum. A baki kuma ka kula kada ta zama "curry", kayan miya.

Hajara: To yanzu ya za ka gyara jimlar taka?

Nasiru: "My uncle took me to Zaria." In kuma ina so a san shi ya tuƙa, "my uncle drove me to Zaria". Amma Anti, akwai wani wuri a rubutun da na ce da muka isa Tudun Wada ƙanwata ta yi barci, kawu ya "carry" ta zuwa cikin gida. Wannan ba a ja masa layi ba.

Malam Garba: Ba za a ja ba, domin a nan nauyinta yana jikinsa. Da Hausa ya za ka faɗe shi?

Nasiru: Ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga da ita.

Hajara: Masu sauraro, a nan za mu dakata. Mako mai zuwa Malam ya yi alkawarin "borrow" da "lend", waɗanda mu duka aro muke ce musu. Malam, mun gode. Nasiru, a gaida Kawu.

Nasiru: Zai ji, Anti.

Malam Garba: Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.